Yin rutin zai iya kashe waya gaba ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rutin, wato buɗe waya don samun cikakken iko a kan manhajarta, zai iya lalata maka waya. Eh, zai iya. Galibi dai suma take yi: ta tsaya a kan tambarin kamfani, tana ta kunna kanta tana mutuwa. Wannan da sauƙi, sai ka sake ɗora mata asalin manhajarta, da manhajar kwamfuta mai suna Odin in Samsung ce.

Matsalar ita ce ka ɗora fayil ɗin wani samfurin daban, ko kebul ya zare ana tsakiyar aiki. Nan allo zai iya yin baƙi ƙirin, ko caji ba ta nunawa.

Kafin ka buɗe bootloader, wato manhajar da ke tayar da waya, wadda ake buɗewa kafin a yi rutin, kwashe hotunanka, don komai gogewa yake. A Samsung kuma, tsarin tsaronta mai suna Knox, in rutin ya tsinke shi, ba ya dawowa.