Gangar wuski da tukunyar jan ƙarfe: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune kusa da Pittsburgh a jihar Pennsylvania ta Amurka. A kasuwar gwanjo ta wani ƙauye na ga rabin gangar katako da aka taɓa zuba wuski a ciki, ina so in shuka tumatir da attaruhu. Na kuma ga tsohuwar tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya, mai ita ya ce ta manoman da ce. Ina haɗa turare, shi ne na ce ko ta yi mini aikin tatsar ruwan wardi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki sayi gangar, ki bar masa tukunyarsa.

Kada ki yi mamakin ganin irin wannan tukunya a wurinku, yankin ne gidanta. Bayan Amurka ta sami 'yanci, manoman da ke yamma da duwatsun Appalachia suna samun amfanin gona, masara da wani hatsi mai kama da alkama da suke kira rai, amma babu hanyar kai shi kasuwa. Ta gabas duwatsu sun tare, ta kudu kuma Sifaniya ce ke riƙe da bakin kogin Mississippi. Hatsi ga nauyi ga saurin lalacewa. Sai manomi ya jiƙa shi, ya bari ya tsima, ya dafa a tukunya irin wadda kika gani, tururin ya bi ta wuya ya huce ya ɗiga. Kayan da sai dawakai da yawa za su ɗauka ya koma na doki guda, dusar kuma ta tafi ga dabbobi. Da yake kuɗi ba su yawo a ƙauyukan, da wuskin ake biyan lebura, da shi ake sayen gishiri.

Shi ya sa da Alexander Hamilton, sakataren kuɗin Amurka na lokacin, ya sa aka ɗora wa wuski haraji a 1791, abin ya taɓa su a wuya. An ce a biya da tsabar kuɗi, su kuwa ba su da ita, ga shi tsarin ya fi yi wa manyan masu sana'ar sauƙi. A watan Yulin 1794 manoman suka ƙone gidan John Neville, babban jami'in harajin yankin, nan kudu da Pittsburgh. Shugaba George Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000, kafin su iso 'yan tawayen sun watse. Sai a 1802, zamanin Shugaba Thomas Jefferson, aka soke harajin. Ni ba na sha'awar abin da suke dafawa, amma tausayin manomin da amfaninsa ke ruɓewa saboda rashin hanya, wannan kam ina jin sa.

To, ga abin da ya sa na hana ki tukunyar. Tsofaffin tukwane irin wannan sau da yawa da dalma aka liƙe gaɓoɓinsu, dalma kuwa guba ce, musamman ga yara. Ruwan wardin nan jikin mutane zai taɓa, wasu ma har a abinci suke sawa. Ki nemi sabuwar ƙaramar tukunya da aka ƙera don tatsar man furanni, mai sayarwa ya tabbatar miki babu dalma a liƙinta.

Gangar kuwa alheri ce. Dokar Amurka ta ce nau'in wuskin da ake kira bourbon ba a adana shi sai a sabon mazubin itacen ok da aka babbake cikinsa, don haka suna sayar da tsofaffin gangunan bayan amfani ɗaya. Baƙin da za ki gani a ciki gawayi ne. Ki duba zobban ƙarfen kada tsatsa ta cinye su, ki wanke ta sosai, ki huda gindin don ruwa ya riƙa fita. Kada ki bar ta ta bushe ƙayau, katakon zai tsuke zobban su zube. In zuciyarki ba ta kwanta ba saboda abin da ta taɓa ɗauka, ki tambayi limaminku tun kafin ki biya.

Tambaya: Za mu je Mount Vernon, gidan gonar George Washington a jihar Virginia, da yara. Ya dace mu ƙara da wurin dafa wuskin Washington?

Amsa: Malam, in tarihi kake so su gani, ku je. Wani manajan gonarsa ɗan Scotland, James Anderson, ya ba shi shawarar sana'ar a 1797, zuwa 1799 suna fitar da kusan galan 11,000 a shekara. Ginin da ke wurin yanzu sabon gini ne a kan tsohon harsashi, kusa da injin niƙa mai aiki da ruwa, wanda yara za su fi so. Ba a cikin harabar gidan yake ba kuma ba duk shekara yake buɗe ba, sai ka duba tukuna. Idan kun shiga, ka gaya musu cewa bayi shida ne suka yi aikin wuta da ɗibar ruwa a ɗakin nan.