Idan Na'urar Sa Ido Ta Mutu Cikin Dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, fiye da dubu a wurin aikina, kuma manhajar Zabbix ce ke sa musu ido daga na'ura guda ɗaya. Kwanan baya faifan ajiyarta ya lalace da tsakar dare, ba mu ankara ba sai da gari ya waye, alhali wasu sabobin sun daɗe da tsayawa. Shin sayen na'ura ta biyu ya isa ya raba mu da wannan matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'ura ta biyu dole ce, amma ita ce mafi sauƙi cikin aikin da ke gabanku. Tun daga Zabbix 6.0, wadda ta fito a 2022, ana iya haɗa sabar Zabbix mai aiki da wata ta jiran ko-ta-kwana ba tare da ƙarin manhaja ba. Kowace tana sanar da cewa tana raye duk bayan daƙiƙa 5, idan kuma aka daina jin ɗuriyar babbar har minti 1, sai mai jiran ta karɓi ragama.

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne rumbun bayanai, domin sabobin nan biyu rumbu ɗaya suke amfani da shi, har ma ta cikinsa suke sanin halin da junansu ke ciki. Idan rumbun yana kan faifai guda, to ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Shawarata ita ce ku fara kashe kuɗi da lokaci a nan. In rumbun bayananku PostgreSQL ne, ku sa ya riƙa kwafar bayanai kai tsaye zuwa wata na'ura, Patroni kuma, wato manhajar da ke kula da irin waɗannan kwafi, ya ɗauki nauyin zaɓen wadda za ta shugabanta. Na'urorin da ke yanke wannan hukunci su kasance 3, saboda idan biyu ne kuma layin da ke tsakaninsu ya yanke, kowace za ta iya ɗauka cewa 'yar'uwarta ta mutu, ta naɗa kanta shugaba, dukansu su yi ta rubuta bayanai masu saɓa wa juna. Gyaran wannan ɓarna ya fi tsayawar aiki na ɗan lokaci wahala nesa ba kusa ba, amma idan uku ne, ɓangaren da ke da rinjaye kaɗai ke ci gaba. Kada kuma ku jera su a ɗaki ɗaya, kan wutar lantarki ɗaya da layin sadarwa ɗaya.

Ga tsari mai girman naku, ku sanya wakilan Zabbix, wato furoksi, a kowane reshe. Suna tattara bayanai, suna riƙe su idan sun kasa samun uwar saba, sannan su tura bayan hanya ta buɗe, don haka tarihin ma'aunanku ba zai sami giɓi ba, muddin yankewar ba ta wuce lokacin da aka saita musu su riƙe bayanan ba. Zabbix 7.0 ta 2024 ta ƙara damar haɗa su rukuni-rukuni, ta yadda in ɗaya ya faɗi sauran za su raba aikinsa.

Abin da ya fi damuna a labarinku shi ne shirun da kuka kwana a cikinsa, domin a wannan aiki shiru na iya nufin lafiya, yana kuma iya nufin mai gadin ne ya faɗi. Ku sa tsarin ya riƙa aika saƙon "ina nan" a kai a kai zuwa wata ƙaramar na'ura da ke wajen cibiyarku gaba ɗaya, wadda za ta tashe ku idan saƙon ya daina zuwa. Faɗakarwar ma ta bi hanya biyu, imel da saƙon waya, tunda sabar imel ɗinku na iya kasancewa cikin waɗanda suka tsaya.

Bayan kun kammala, ku zaɓi rana cikin lokacin aiki, ma'aikata na zaune, ku kashe babbar sabar da gangan, ku duba agogo ku rubuta tsawon lokacin da faɗakarwar farko ta ɗauka kafin ta iso wayarku. Ku maimaita hakan ga rumbun bayanai, sannan bayan kowane sabunta manhaja.