Tambaya da Amsa: Lantarkin iska zai kawo wa Filato aikin yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran wutar lantarki ne a Unguwar Rogo, Jos. Ina yawan jin cewa tsaunukanmu suna cikin wuraren da suka fi iska a Nijeriya, kuma wasu ƙasashe sun bunƙasa da lantarkin iska. Idan aka kafa irin waɗannan injuna a Filato, matasanmu za su samu aiki kamar yadda iyayenmu suka samu a zamanin haƙar kuza?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Za a samu aiki, amma kada ka auna shi da na kuza. Haƙar kuza ta riƙe dubban leburori shekara da shekaru, ita kuwa tashar iska hannu da yawa take buƙata lokacin gini kawai, wato masu fasa hanya, masu zuba kankare, masu walda da direbobin manyan motoci. Da zarar farfelu sun fara juyawa, sai aikin ya koma hannun ƙwararru kaɗan masu kula da injuna, waɗanda aikinsu ya fi ɗorewa kuma ya fi albashi.

Dubi tashar Tafkin Turkana a arewacin Kenya, mai injuna 365 da ƙarfin megawat 310, wadda aka buɗe a 2019. Saboda ita aka gyara hanya fiye da kilomita 200 a yankin Marsabit, abin da ya sauƙaƙa wa masunta da makiyaya kai kaya kasuwa, kuma a ganina wannan hanya ta taɓa rayuwar talaka fiye da guraben aikin da ke cikin tashar. Sai dai an gama kafa injunan a 2017 alhali layin da zai ɗauki wutar bai kammala ba sai 2018, har gwamnati ta biya tarar wutar da ba wanda ya sha. A 2021 kuma kotu ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin, bayan mutanen yankin sun kai ƙara.

Batun fili shi ne ya fi damuna game da Filato, inda rikicin gona ba baƙon abu ba ne. A jihar Ayowa ta Amurka, wadda fiye da rabin lantarkinta daga iska yake fitowa, manomi ba ya sayar da gonarsa. Haya yake karɓa duk shekara a kan ɗan wurin da turken injin ya zauna, yana ci gaba da noman masararsa a kewaye. Manomin dankali a Bokkos ko Mangu ya cancanci irin wannan yarjejeniya a rubuce, domin diyyar da ake biya sau ɗaya ƙarewa take yi, injin kuwa yana iya shekara ashirin yana kawo kuɗi.

Ayyuka masu yawa suna wurin ƙera kayan ne, kamar masana'antar farfela da Siemens ya buɗe a garin Hull na Ingila a 2016, amma ba mai kafa irinta don tasha ɗaya. Mu nan gida darasinmu yana Lambar Rimi a Katsina: tashar megawat 10 mai injuna 37 ta haura shekara goma tana jan ƙafa, kuma sace injiniyan Bafaranshe da aka yi a Disambar 2012 ya tsayar da aikin.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka Filato tana da damar fara nata, musamman da yake tana da tarihin wutar kamfanin NESCO mai samar da lantarki daga ruwan Kurra tun zamanin kuza. Babbar ribar za ta fito ne idan wutar ta isa ga masu niƙa, masu walda da ɗakunan sanyaya dankali da tumatir. Kafin nan dole a auna iskar wurin aƙalla shekara guda, domin idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa.

Kai kuma, Malam, ka ƙara ilimi a kan taransifoma, babbar wuta da ƙa'idojin aiki a sama, ka kuma nemi takardar shaida, domin da ita kamfanoni suke ɗaukar ma'aikata. Wannan ilimin zai ciyar da kai a aikin sola tun yanzu, kafin injunan iska su iso.