Amsa kan maganin rawar hannu da sauti ba tare da tiyata ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce hannunsa na rawa har shayi na zubewa, kuma ka ga bidiyon da ake taɓa can cikin ƙwaƙwalwa da sauti ba a fasa kai ba, kana son sanin ko da gaske ne. Da gaske ne, sai dai abu biyu ne masu bidiyo ke cakuɗawa: sauti mai ƙarfi da mai rauni.

Aikin sikanin nake yi a nan Abuja, kuma ni na raka kawuna Indiya aka yi masa. Sautin dangin wanda muke duba masu juna biyu da shi ne, kunne ba ya jin sa. Harba shi ake yi ta kusurwoyi da yawa ya haɗu a ɗigo guda, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda.

Wanda aka yi wa Kawu mai ƙarfin ne, ƙonawa yake yi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 don rawar hannun da ba ta cutar Parkinson ba, a 2018 kuma ta ƙara da rawar Parkinson. Sai da suka yi masa hoton CT tukuna, don ba kowane ƙoƙon kai ke barin sautin ya ratsa sosai ba. Aka yi masa ƙwal-kwabo, aka kafe kan da ƙarfe, aka kifa masa hula mai bakin sauti 1,024, ya shiga na'urar MRI ido biyu. Sukan ɗumama wurin kaɗan, cikin sashen ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, su miƙa masa biro ya yi zane. Da suka ga layin ya daidaita, sai suka kai zafin wajen digiri 55 zuwa 60. A ranar hannun dama ya lafa. Amma ya yi makonni yana tangaɗi, gefe ɗaya kawai aka yi, kuma inda aka ƙona ya ƙonu ke nan. Kuɗin kuwa, sai da aka sayar da fili.

Ɗayan mai rauni ne, zungurar jijiyoyin kawai yake yi su motsa ko su lafa na ɗan lokaci. Tun 1958 masanin kimiyya William Fry da abokan aikinsa suka gwada shi a kan kyanwa a Amurka, kuma a 2025 masu bincike a Landan da Oxford suka fito da hula mai baki 256 da ta kai ga wani ɗan sashe na talamus a jikin masu lafiya. Har yau bincike ne. Duk wanda ya ce ka biya ya yi wa Baba wannan a shagonsa, riƙe kuɗinka.

Fara kai Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a Asibitin Ƙasa ko na koyarwa da ke Gwagwalada. Wani nau'in ciwon maƙoƙo da wasu magungunan asma na shaƙa duk suna sa hannu rawa, kuma masu rawar hannu da yawa maganin propranolol ko levodopa ke riƙe su shekaru. Ka tafi da duk magungunan da yake sha, da bidiyonsa yana rubutu da kuma yana zaune hannu a cinya.