Me ya sa intanet ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa?

Malam, ka tambaya me ya sa intanet ke yanka saƙo kafin ta aika, maimakon ta ware masa layi guda kamar tsohuwar wayar tarho.

A tarho na da, idan ka kira mutum, layin naku ne ku biyu har ku ajiye, ko kuna magana ko kun yi shiru. Ita kuwa kwamfuta sai ta antayo bayanai cikin ƙiftawar ido, sannan ta yi tsit. Riƙe mata layi asara ce tsagwaronta. Paul Baran a Amurka, farkon shekarun 1960, da Donald Davies a Ingila a 1965, kowannensu ya gano mafita shi kaɗai: a raba saƙo zuwa ƙananan fakitoci, kowanne da adireshin inda za shi. Na'urorin da ke kan hanya su duba adireshin su miƙa gaba. Fakiti na uku yana iya riga na biyu isa, ba komai. TCP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai, shi ne zai jera su a can, wanda ya ɓace kuma a sake turo shi. ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci ta Amurka wadda ta zama tushen intanet, ta fara aiki da wannan tsari na fakitoci a 1969.

Ka ga amfaninsa a Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi nauyi ƙwarai, amma kamfanonin da ke da wata hanya sun karkatar da fakitocinsu ta can.

In kana da Windows, buɗe Command Prompt, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta tracert da adireshin wani shafin intanet, za ka ga zango-zangon da saƙonka ke bi.