Na yi musu tausa kwana 12 a matsayin gwaji, suka ɗauki wata: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, na koyi aikin tausa na wata shida, ina da takardar shaida. Na je ganawar neman aiki a wani wurin tausa na mata a Abuja. Manajar ta ce hannuna ya yi, in zo gwajin mako biyu, daga nan albashi ya fara. Ta karɓi asalin takardata. Na ajiye aikina na shagon gyaran gashi, na yi kwana 12 ina yi wa kwastomominsu tausa, ba a ba ni ko sisi ba. Yanzu sun ce sun ɗauki wata. Ina so kotu ta tilasta musu su ɗauke ni, ko su biya ni albashin shekara guda a kan naira 70,000 a wata da gwamnati ta ƙayyade a matsayin mafi ƙarancin albashi.

Amsa: Malama, sannu da wannan abin takaici. Ɓangarenki kaɗai na ji, ban kuma ga saƙonnin da kuka yi da manajar ba, don haka abin da zan faɗa yana iya canzawa idan takardu suka fito.

Abu biyun da kike nema, da wuya ki samu ko ɗaya. A aikin 'yan kasuwa irin wannan, kotunan Najeriya ba su cika ɗora wa mai wuri ma'aikacin da ba ya so ba. Gaskiya ne yarjejeniyar baka tana iya zama yarjejeniya a idon doka, amma "hannunki ya yi, ki zo gwaji" ta fi kama da gayyata. Mu ɗauka ma kin tabbatar an ɗauke ki. Abin da kotu ta saba bayarwa shi ne kuɗin wa'adin sanarwar sallama, kuma sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda aikinsa bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ce haƙƙinsa. Kin ga ke nan maganar albashin shekara ba ta da wurin tsayawa. Diyyar ajiye tsohon aikinki kuwa, sai in akwai shaidar cewa su suka ce ki ajiye bisa tabbacin an ɗauke ki, ko a hakan ma ba zan yi miki alƙawari ba.

Naira 70,000 ɗin ma akwai sharaɗi. An sa hannu a kai a 2024, amma dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamisho. Ki ƙirga ma'aikatan wurin, mai yiwuwa ba su kai ba.

Inda kike da ƙarfi shi ne kwana 12 ɗin nan. Gwajin hannu a ganawa abu ne da aka saba: a ce ki yi wa manaja ko wata ma'aikaciya tausar baya ta rabin awa, a ga yadda kike danna kafaɗa, yadda kike rufe jiki da tawul, da ko kina tambayar ciwo ko juna biyu kafin ki fara. Wannan ba a biyansa. Amma a sa ki kan gadon tausa da kwastomar da ta biya kuɗi a kanta, safe da yamma har kusan mako biyu, wannan aiki ne, ko da me suka kira shi. Kina iya neman ladan da ya dace da abin da kika yi, sai dai in kin sa hannu a wata takarda da ta ce gwajin kyauta ne, wanda zai raunana ki. Ban ga dalilin da mai sana'a zai karɓi kuɗin gumin mutum ya ce masa gwaji ne ba.

Takardar shaidarki dukiyarki ce. Ba su da hurumin riƙe ta, tun farko ma kwafi ya kamata su karɓa.

Yanzu ki tattara hujja kafin ki sake yi musu magana. Ki rubuta ranakun da kika je, da yawan mutanen da kika yi wa tausa kowace rana, da mintocin kowanne. Kada ki goge saƙonnin WhatsApp, kada ki sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar irinsu bisa sharuɗɗa. Sai a rubuta musu wasiƙar neman haƙƙi, a ambaci adadin kuɗin da takardar shaidarki da suka riƙe, a ba su kwana bakwai ko 14, a karɓo sa hannun wanda ya amsa. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa. Idan suka yi kunnen uwar shegu, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago yana zaunar da ɓangarori biyu don sulhu. Ƙarar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta bisa sashe na 254C na kundin tsarin mulki, ita ma tana da cibiyar sasanci. Ba na ba ki shawarar farawa da ƙara, domin kuɗin lauya da zirga-zirga suna iya cinye ladan kwana 12. 'Yan sanda ma ba masu karɓo bashi ba ne, kada ki ɓata lokacinki a can kan maganar kuɗin.

A ganawa ta gaba, kada ki ajiye aikin hannunki sai kin riƙe takardar ɗauka. Sashe na 7 ya ba mai wuri har wata uku ya rubuta sharuɗɗan aiki, amma babu abin da ya hana ki nema tun ranar farko. A rubuta ko albashi ne ko kamisho, kashi nawa a kowace tausa, wa zai sayi mai da tawul, da ko mata zalla za ki yi wa ko har da zuwa gidajen kwastomomi. Idan akwai sharaɗin hana ki aiki a wani wurin tausa bayan kin bar su, ki duba tsawon lokacin da faɗin yankin, domin wanda ya wuce kima kotu tana iya ƙin amincewa da shi. Kuma ko sun matsa, kada ki yarda a tallata ki a matsayin mai fisiyo, wato ƙwararren asibiti mai gashi da motsa gaɓoɓi, ko mai warkar da shanyewar jiki. Wannan fannin sai wanda hukumar MRTB, mai kula da masu aikin fisiyo a Najeriya, ta yi wa rajista, kuma idan aka samu matsala, sunanki ne a allon.