Kafin ka sa hannu a takardar tsohuwar motar nan

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi a waya bayan sallar Isha, kuma sau biyu na sa ta maimaita. Karatun farko na yi dariya har innarku ta leƙo daga ɗaki tana tambayar ko lafiya. A na biyu kuwa jikina ya ɗan yi sanyi.

Ka ce Allah ya hore maka za ka sayi Hilux sabuwa dal, kamfanin sun yarda su karɓi tsohuwar Corollarka su yi mata kuɗi, kai kuma ka yi ciko. Kana tambaya wai dole ne sai ka taso tun daga Marwa ka kawo ta Garwa manya su sa albarka, ko ka tura hoto a WhatsApp na dangi ya wadatar. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne sai an yanka rago an rataya laya a madubi. To, alhamdu lillahi. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya. Batun rago da laya ba ya buƙatar dogon zance: a gidanmu ban taɓa ganin an zubar wa ƙarfe jini ba. Sadaka ake yi, ko masa ce ko goro, gwargwadon hali, sai addu'ar hawan abin hawa da aka koya muku tun a makarantar allo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwar motar, wadda ba ka ma tambaye ni a kanta ba, ka dai ambace ta ka wuce.

Bari in ba ka labarin ranar da na fara shiga sabuwar mota. A 1977 ne, ina ɗan shekara 17, ina karen mota a wurin wani Alhaji ɗan kasuwa a nan unguwar Hausare ta Garwa, mahaifinka kuma, Allah ya jiƙansa, shi ne direbansa. Lokacin shekara uku ke nan da jirgin ƙasa ya fara isowa Ngaundere. Kafin haka manyan kaya sai an jira damina ta yi nisa, Binuwai ya cika, jiragen ruwa su hauro zuwa tashar Garwa. Alhaji ya sayi Peugeot 404 mai tamfol a baya daga Duwala, aka ɗoro ta a jirgi, muka tafi mu uku mu tarbe ta. Har yau in na shiga shagon da ake sayar da sabbin tayoyi, warin nan yakan mayar da ni tashar Ngaundere da sanyin safiya, mahaifinka yana zagaya motar yana shafa ta da gefen rigarsa, bai ce uffan ba.

Alhaji ya kafa doka tun kafin a tayar da inji: ba gudu. Sabon inji a wancan zamanin sai an lallaɓa shi har ƙarafan ciki su saba da juna, a yi kilomita 1000 na farko a juye baƙin mai, sannan a sake shi. Tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba muka yini muna yi. Da muka iso bakin gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, mahaifinka ya tsaya, ya fito ya yi alwala da ruwan jarkar da nake riƙe da ita, ya yi nafila raka'a biyu a gefen hanya. Sannan ya koma ya sa giya ta biyu, giyar kuwa a jikin sitiyari take, ya bar inji ya riƙe motar, bai dami birki ba sai jefi-jefi. Ni ina baya ƙarƙashin tamfol, ina leƙen kwarin da ke gefe, ina hango gawarwakin manyan motoci da suka taɓa zarcewa. Daga baya ya ce mini wanda ya sauko dutsen nan a kan birki, kafin ya kai ƙasa birkin ya ɗau zafi ya daina jin magana. Wannan har gobe haka yake, ko da motarka ta fi tamu sau goma.

A Mbe muka tsaya, garin doya. Mahaifinka ya ba da shawara a cika bayan motar tunda a Garwa za ta yi kuɗi. Alhaji ya girgiza kai. Ya zaɓi manyan doya guda goma da hannunsa, ya ce kayan farko da motar nan za ta ɗauka na Hajiya ne, ciniki ya jira gobe. Muka haye gadar Binuwai ana shirin kiran Magariba. Yara suka biyo mu a guje suna ihu, masu shayi suna miƙewa suna ɗaga hannu, amma Alhaji bai bari an nufi ƙofar gidansa ba. Gidan mahaifiyarsa muka wuce kai tsaye.

Tsohuwar idonta ya yi rauni, sai da aka kamo hannunta aka fito da ita zaure. Ta lalubo gaban motar ta ɗora tafinta, ta ji zafi, ta janye, ta ce, “Ta sha tafiya, ku ba ta ruwa.” Ita a wurinta doki ne aka kawo. Ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙi Allah ya tsare na ciki da na waje, ya sa kada ta taɓa taka ɗan kowa. Mutane suka shafa. Sai ta juyo wajen da take jin numfashin ɗanta ta ce, “To ina tsohuwar? Wa ka ba?”

Alhaji yana da Peugeot 403 da ta yi masa bauta shekara da shekaru. Akwai dillalan da suka riga suka taya, kowa ya sani. A nan gaban jama'a ya sa hannu a aljihu ya fito da makullinta, ya kira mahaifinka da sunansa. Bai ba shi kyauta ba, don ya ce kyautar mota takan lalata yaro. Ya yanka mata kuɗi ƙasa da tayin dillalai, ya ce a biya duk wata gwargwadon abin da aka samu. Sannan ya shiga lissafa aibinta ɗaya bayan ɗaya, alhali mahaifinka ya fi shi saninsu: tana shan ruwa a hawa, giyar baya tana fita, ƙofar hagu sai da igiya. Ya ce yana faɗa ne don shaidu su ji, kada gobe a ce ya ɓoye. Limamin unguwa ya yi fatiha, aka raba goro. Na ga mahaifinka, namiji mai gemu, ya durƙusa yana share hawaye da hularsa.

Da motar nan ya riƙa jigilar 'yan kasuwa zuwa Pitowa ranar Lahadi, sauran kwanaki ya yi Ngong da ƙauyukan auduga, lokacin Sodecoton, kamfanin auduga, tana sabuwa, kuɗi suna shiga hannun manoma bayan awo. Ni na gaji kujerarsa a wurin Alhaji. Bai cika shekara biyu ba ya gama biya. Sadakin mahaifiyarka daga cikinta ya fito, haka filin da kuka tashi a ciki. Kakanka yakan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk sanda ya faɗa sai ya nuna 403 ɗin nan da haɓa.

Akwai kuma abin da ya faru a daren da ban manta ba. Wajen ƙarfe biyu aka buga ƙofar Alhaji, matar wani maƙwabci mai ɗinkin hula naƙuda ta yi tsanani. Tsohuwar motar tana nan a ajiye, amma Alhaji ya ce a fito da sabuwar don ba ta da tsaye-tsaye. Muka shimfiɗa tabarma da zannuwa a baya, inda doyar Hajiya ta kwanta ɗazu, mata biyu suka riƙe ta har asibiti. Motar da ba ta kwana ko ɗaya a gari ba. Da safe ni na wanke ta. Mai ɗinkin hular nan bai yi ƙarfin halin buga ƙofa ba sai don ya tsaya a zauren Hajiya da yamma, ya shafa addu'a tare da kowa, an miƙa masa goro. Wanda aka kira ya yi wa mota amin ya san yana da kujera a cikinta ranar da ta ɓaci. Ban san yadda hoto a waya zai gaya wa mutum haka ba.

Abubuwa sun sauya, na sani. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya kusa ninkawa, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancinmu, muka koma kan na hannu da ake saukewa a Duwala da Kwatano. Shi ya sa ma zuwan sabuwa dal cikin dangi ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina ganin yaran yanzu, mutum ya sayi mota ya liƙa baƙin gilashi, ya wuce tsohon da ya yi masa huɗuba yana tafe a rana, ya ce bai gan shi ba. Wasu kuma ɓoyewa suke yi don tsoron baki, ko tsoron a dame su da aike. Ba na cewa duk wanda ya yi sallama ka miƙa masa makulli. Alhaji kansa ba ya ba da aron mota, yakan ce mota da reza ba a ba hannu biyu. In za ta kai ka, direbansa ne zai kai ka. Amma zumunci a ƙafa yake, yanzu kuwa Allah ya ba ka ƙafa huɗu.

Tunda ka shigo sahun masu sabuwa, ka riƙe abin da kakanka yake faɗa, cewa sayen doki ba shi ne wuya ba, dawar da zai ci. Mahaifinka bai taɓa tayar da inji da safe ba sai ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake dubawa, ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya tayoyi huɗu. Ƙasarmu ba ta raga wa mota. Hunturu ya cika matatar iska da ƙura, bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40 a Maris da Afrilu, damina kuma ta tona ramuka. Bidanj, wato juye baƙin mai, kada ka bari ya wuce lokacinsa ko da kwana ɗaya, ko da za ka fasa wata tafiya. Ka karanta takardar garanti da kyau kafin ka sa hannu, don galibi sharaɗinta shi ne ka riƙa kai motar wurinsu ana dubawa a kan lokaci; in ka kai wa bakaniken bakin hanya ya buɗe, ranar da babban abu ya lalace za su iya ce maka ba ruwansu. Motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu, ba irin 404 ba ce da muke kwance kafireta a gindin darbejiya mu hura mu mayar. Man zuwa-zuwa, wato na bumburutu da ake sayarwa a kwalba, kuma ka yi nesa da shi. Tsofaffin injuna suna haɗiye shi da dattinsa, sabon inji kuwa ƙazanta kaɗan ko ruwa kaɗan ya isa ya toshe masa bututun fesa mai, kuɗin gyaran ya cinye duk rangwamen da ka samu. Araha ba ta ado.

Na dawo kan Corolla. Ba na cewa kamfani zai cuce ka. Su ma 'yan kasuwa ne, za su saya ne don su gyara su sayar da riba, saboda haka kuɗin da za su yi mata zai gaza na kasuwa, abin da ka samu shi ne hutu daga dillalai da la'ada da masu tayi ba saye. In kuɗinka ba za su kai ba sai da ita, to ka bayar, ba zan ce ka je ka ɗauko bashin banki da ruwa a kai saboda al'ada ba. Ko wa ka ba, kamfani ko mutum, ka faɗi aibinta da bakinka, kuma kada ka saki makulli sai an rubuta takardar ciniki an kama hanyar sauya suna a karta giriz, wato takardar mallakar mota. Na san wanda ya sayar da mota bai sauya ba, bayan shekara uku ta buge mutum a hanyar Figil, jandarmomi ƙofar gidansa suka fara zuwa.

Amma ina so ka zauna ka yi lissafin da kyau, ka ga ko da gaske sai da ita. Akwai yaron nan ɗan goggonka da yake tsare maka shago. Shekara nawa yana wanke Corollar nan da asuba? Ya san ƙarar da take yi in ta yi sanyi, ya san tayar da take sacewa. Na ji an ce maganar aurensa ta tsaya saboda rashin abin hannu. Ni ban ce ka ba shi ba, dukiyarka ce, guminka ne. Tambayar tsohuwar nan ce kawai take ta dawo mini tun daren jiya.

Zuwa Garwa kuwa, kilomita 200 da 'yan kai ne, kai ka san ayyukanka. Sai dai mahaifiyarka idonta ya ƙara ja baya tun bayan azumi, in an nuna mata hoto a waya sai ta ce haske kawai take gani. Jikokinta ma da hannu take gane su yanzu. Ka kira ni gobe bayan Magariba, kafin ka koma wurin kamfanin, ka faɗa mini ko yaron nan ya yi permi, wato lasisin tuƙi.